Tsohuwar Fijo ta ƙi kawo wuta bayan dogon ajiya: sabon batir, sabon wayarin, ko bin layin wuta?

Peugeot 504 ɗin mahaifinmu ta yi shekara huɗu cur a ƙarƙashin rumfar kwano a gidanmu na Tudun Wada, tun da ciwon ƙafa ya raba shi da tuƙi. Ƙirar Kakuri ce, daga kamfanin PAN da ya fara haɗa motoci a nan Kaduna a 1975, kuma Baba bai taɓa yarda a yi maganar sayar da ita ba. Ranar da muka yaye tamfol domin mu tashe ta, na sa makulli na murɗa. Shiru. Babu jar fitila a dashbod, na danna oda ba ta ce uffan ba, fitilun gaba ma kamar ba a taɓa sa musu ƙwai ba.

Kafin la'asar ta ranar na samu shawara iri uku. Ƙanena ya ce mu sayi sabon batir a huta. Wani mai wayarin da aka kira ya leƙa ƙarƙashin sitiyari, ya ga kashin ɓera, ya ce motar sai an zare wayoyinta kaf an zuba sababbi. Wani dattijo kuma da ya daɗe yana taɓa Fijo ya ce kada a sayi ko allura sai an bi layi an ga inda wutar ta tsaya. Duk wanda ya gaji tsohuwar mota a gida, Fijo ce ko Marsandi ko Volkswagen mai ƙirar kunkuru, waɗannan hanyoyi ukun zai tarar a gabansa. Na bi biyu daga ciki, ta ukun kuma na ga yadda ta kaya a motocin wasu, shi ya sa nake son in auna muku su.

Sabon batir shi ne abin da hankali ke fara kaiwa gare shi, kuma ba a banza ba. Batirin mota ko ba a taɓa shi ba yana zubar da cajinsa a hankali, zafi kuma na ƙara masa sauri, balle irin zafin Maris da Afrilu a ƙarƙashin kwano. Idan aka bar shi ɗaure da mota, agogo da rediyo suna ta tsotsa dare da rana. Da zarar ya zauna babu caji na watanni, wani farin gishiri yakan daskare a jikin farantan dalma da ke cikinsa, kuma idan ya yi tauri babu cajin da zai narkar da shi duka. Batir mai lafiya da ya cika yana nuna bolt 12.6 a mitar auna wuta. Idan ya nuna 12.2 ya kai rabi. Ƙasa da 12 ya kwanta. Idan kuma an yi masa caji ya tsaya a wajen 10.5 ya ƙi gaba, to ɗaya daga cikin ɗakunansa shida ya mutu, domin kowane ɗaki bolt 2.1 yake bayarwa.

Saboda haka idan motar wata uku ko shida ta yi a ajiye, kai batirin wurin mai caji ya fi sayen sabo. A duba ruwansa, a ƙara tataccen ruwan batir idan farantan sun fito fili, ba asid ba kuma ba ruwan rijiya ba, a sa masa caji mai sanyi ya kwana. Bayan an cire shi daga caji a bar shi ya huta 'yan awoyi kafin a auna, don mita takan yi ƙarya da zafi-zafi. Amma batirin da ya yi shekara biyu ko fiye a kwance, ni ban ga amfanin wahalar da kai a kansa ba. Ko ya ɗauki caji yau, jibi da safe zai ba ka kunya.

Namu ya yi huɗu, don haka na sayi sabo mai lamba 62 na ɗaura. Na murɗa makulli, jar fitila ta ɗan yi ƙyalli, aka ji ƙas sau ɗaya daga wajen kik, komai ya sake ɗaukewa. A nan ne raunin wannan hanya yake. Batir tushen wuta ne kawai. Idan hanyar da wutar za ta bi ta toshe, sabo da tsoho duk ɗaya ne. Akwai kuma haɗarin da ban yi tunaninsa ba sai daga baya: da ɓerayen nan sun feƙe wata waya ta kwanta a jikin ƙarfe, sabon batir mai cikakken ƙarfi ne zai mayar da ita jan garwashi cikin daƙiƙu kaɗan, a motar da ke cike da busasshen soso da ƙura da tsohon fetur. Allah ne ya tsare. Yanzu idan aka tambaye ni, cewa nake a aro batir mai lafiya daga wata motar a yi gwaji da shi, a bar sayen sabo ya zama abu na ƙarshe. Idan an zo saye kuma a auna shi a gaban mai shago, a duba ranar da aka ƙera shi, domin batir ma yana tsufa a kan kanta.

Dattijon nan da ya zo bai zo da kayan aiki masu yawa ba. Sufana mai lamba 10 da 13, sukundireba, guntun samfefa, ƙaramar mita, da wani ƙwan fitila mai wat 21 da ya ɗaure wa wayoyi biyu. Kafin ya taɓa komai sai da ya haska tocila bayan dashbod da gefen inji yana shinshinawa. Ya ce mini, "Yaro, cire negetib tukuna. Shi ake fara cirewa, shi ake mayarwa a ƙarshe." Dalilin a fili yake: idan negetib na ɗaure, sufanarka ta taɓa fozitib da jikin mota lokaci guda, tartsatsin da zai tashi zai iya ƙona hannu, kuma batir yana fitar da iskar da ke kamawa da wuta. Daga nan ya sa ƙwan nan nasa tsakanin kan batir da wayar negetib da aka cire, makulli na aljihunsa, ƙofofi a rufe. Da ƙwan ya kama da haske sosai, da mun san akwai inda wuta ke zurarewa zuwa jikin mota. Bai kama ba. Sai a lokacin ya yarda a ɗaura.

Abin da ya fi burge ni a aikinsa shi ne yadda ya bambance mita da ƙwan fitila, kuma wannan ne zuciyar maganar gaba ɗaya. Mita ba ta cin wuta. Ko da silin waya ɗaya ne ya rage a cikin kebul, ko mahaɗin ya cika da tsatsa, za ta nuna maka 12 da ɗoriya, ka rantse layin lafiyarsa ƙalau. Ƙwai mai wat 21 kuwa yana jan kusan amfiya 2, fitilar gaba ɗaya tana jan kusan 5, kik yana jan fiye da 100. Mahaɗin da zai bar mita ta ga wuta ba lallai ya bar kik ya sha ba. Shi ya sa ake auna layi yana cikin aiki. Ya ce in kunna fitilun gaba in bar su. Ya ɗora mita a kan dalmar batirin kanta, 12.5. Ya matsar da tsinken zuwa ƙarfen da ya kama kan batirin, 12.4. Sai ya bar tsinke ɗaya a kan negetib, ya kai ɗayan jikin inji. A ƙa'ida bai kamata a ga komai a nan ba, ko a ga abin da bai wuce 0.2 ba, don waya mai lafiya ba ta riƙe wuta. Mitar ta nuna fiye da bolt 9.

Ya kwance notin da ya ɗaure wayar negetib a jikin mota. Daga sama tsaf take, har da sauran fenti. Ƙarƙashin washar notin kuwa jan gari ne ya zubo masa a tafin hannu, kamar an daka jar ƙasa. Ya tsaga robar kebul ɗin da reza kamar tsawon ɗan yatsa, tagullar ciki ta koma kore shar, tana karyewa kamar busasshiyar ciyawa. Damina huɗu ta Kaduna ke nan, da raɓar Agusta da ke tashi daga ƙasa ta kwana a ƙarƙashin tamfol, ga ƙurar hunturu da ta zauna a kan mahaɗan tana riƙe laima. Mota mai yawo zafin inji na busar da ita kullum, girgizar hanya kuma na goge mahaɗanta. Wadda aka ajiye ba ta da wannan gatan.

Ya canza kebul ɗin, ya goge wurin da samfefa har ƙarfe ya fito fari, ya ɗaure, ya shafa giris a sama. Kawunan batir ya wanke su da ruwan zafi da ɗan kanwa, yana kaffa-kaffa kada ruwan ya shiga cikin ɗakunan batirin, domin kanwa na kashe asid. Fitilun gaba suka haska bangon gidan. Baba yana zaune a kan tabarma ya ce, "Alhamdu lillahi, ashe da ranta."

Ba kowace mota ce za ta zo da irin namu ba, amma yadda ta yi shiru yakan nuna inda za a dosa. Idan babu komai ko kaɗan, ba oda ba fitila, matsalar ba ta wuce batir da kawunansa da manyan kebul biyu ba, sai kuma babban noti na jikin kik, inda a motoci da yawa wayar da ke ciyar da sauran motar take rabuwa. Idan fitila da oda suna aiki amma makulli bai kawo komai a dashbod ba, a duba suwic ɗin makullin da soket ɗin bayansa. Idan fitila ta kama amma ta ɗauke gaba ɗaya da an murɗa makulli, an kuma ji ƙas, mahaɗi ne mai datti. Idan ta dushe kawai kik yana nishi, ko dai batir ya yi rauni ko injin ne ya kafe. Wannan na biyun ana yawan ɗora wa wuta laifinsa alhali ba ruwanta. Batir mai lafiya bai kamata ya sauka ƙasa da 9.6 ba lokacin da kik ke juyawa. Kafin ma a kai ga murɗa makulli, motar da ta yi shekaru a tsaye tana bukatar a cire fulogi, a ɗiga ɗan baƙin mai a kowane rami, a juya injin da hannu a tabbatar yana motsi, a duba baƙin mai, a zubar da tsohon fetur da ya koma warin fenti.

Masu Marsandi ta shekarun 1976 zuwa 1985, wadda injiniyoyi ke kira W123, da masu kunkuru, suna da wani abin dubawa na daban: fis ɗinsu irin mai tsini biyu ne da siririn ƙarfe a bayansa, fari amfiya 8, ja 16, shuɗi 25. Irin wannan fis yakan yi kama da lafiyayye alhali tsininsa ya yi fari da tsatsa bai taɓa komai. Sau da yawa murza shi a mazauninsa kawai yakan dawo da wuta, amma gara a goge mazaunin a sa sabo. Motocin Jamus suna da saukin bi kuma, don lambobin da ke jikin suwic da rile ma'anarsu ɗaya ce a ko'ina: 30 wutar batir ce kai tsaye, 15 wutar da makulli ke saki, 50 mai zuwa kik, 31 jikin mota. A kunkuru batirin yana ƙarƙashin kujerar baya, kuma idan murfin kansa ya ɓace, ƙarafan kujerar na iya taɓa shi idan mutum ya zauna. Akwai kuma wata faffaɗar waya tsakanin giyabos da jikin motar da ake mantawa da ita.

Bin layi yana da nasa tsadar, ba zan ɓoye ba. Yana cin lokaci, kuma yana bukatar mai haƙuri. Namu ya ɗauki yini biyu, domin bayan kik ya juya injin ya ƙi tashi. Kontak ɗin cikin distirbuta ya yi fari, sai da aka goge shi aka daidaita tazararsa zuwa milimita 0.4 kafin fulogi ya ba da tartsatsi. An kuma samu wayoyi biyu da ɓera ya ci a bayan dashbod, da gidan zanzaro a cikin oda. Masu wannan haƙurin sun fara ƙaranci, domin yaran da ke koyon wayarin yanzu da na'urar kwamfuta suka tashi, tsohuwar mota kuwa ba ta da inda za a soka mata ita. Wani kuma ba ya son aikin don abin da zai samu a kebul ɗaya da samfefa bai taka kara ya karya ba. Shawarata a nan ita ce a yi ciniki a kan gano matsalar, a biya mutum haƙƙin basirarsa da kyau ko da noti ɗaya ya ɗaure. Wanda ya san za a biya shi don ya gano, ba zai ƙirƙiro maka babban aiki ba.

Zare wayarin gaba ɗaya kuwa shi ne mafi tsada da mafi haɗari cikin ukun, kuma shi aka fi saurin furtawa. Ina fahimtar abin da ke jan mutane gare shi. Mota ta haura shekara talatin, robar wayoyinta ta sha zafi, an yi ta ɗaure-ɗaure da salatif tun zamanin da, sai mutum ya ce a yi mai gaba ɗaya a wuce wurin. Amma a dubi abin da ake rasawa. Wayarin da masana'anta ta yi an auna kaurin kowace waya daidai da nauyin da za ta ɗauka, an yi mata alama ta launi ko lamba, an matse bakinta da inji, an bi da ita ta inda ba zafi ba gogayya. Wanda zai sake shi a gareji sau da yawa da nadi biyu ko uku zai zo, ja da baƙi da wani, ya bi ko'ina da su, ya murɗe mahaɗai da hannu ya naɗe. Ranar farko komai zai kama. Bayan shekara guda, idan sigina ta ɗauke, babu mai iya gane wace waya ce wacce, har shi da ya yi aikin. Na ga 504 guda biyu da aka yi wa haka, ɗaya ma an tsallake akwatin fis ɗinta kwata-kwata an ja wuta kai tsaye daga batir.

Ga kuma maganar ingancin wayar kanta. Akwai wadda robarta ke da kauri amma silin cikinta 'yan kaɗan ne, akwai kuma wadda alminiyon ce aka shafa mata tagulla a sama. A kankare sili ɗaya da wuƙa, idan cikinsa ya fito fari to ba tagulla ba ce. Irin wannan ba ta ɗaukar nauyin da tagulla mai kaurinta ke ɗauka, kuma ta fi saurin ruɓewa a mahaɗi.

Duk da haka akwai motar da ba ta da mafita sai wannan. Idan wuta ta taɓa kamawa a damin wayoyin har robobi suka narke suka manne da juna, gyaran waya ɗaya-ɗaya yaudarar kai ne, don ba ka ganin abin da ke tsakiyar damin. Idan ka lanƙwasa waya a wurare daban-daban robarta na fashewa tana zuba kamar ɓawon gyaɗa, ta gama aiki. Haka idan ruwa ya taɓa shanye motar, kamar yadda yakan faru a unguwannin bakin kogin Kaduna a shekarun ambaliya, ko ɓeraye sun cinye damin a wuri biyar ko shida. Ko a nan ma ina ganin matakin farko shi ne a nemi damin wayarin na asali daga wata motar irinta da aka yanka. Fijo ta yi yawa a garin nan ta yadda mai haƙurin zagaya kasuwannin kayan gyara na Panteka da Oriakpata zai iya dacewa, kuma tsohon dami na asali mai laushin roba ya fi sabon da aka ƙaga. Idan bai samu ba, sai a sa sharaɗi kafin a fara: tagulla zalla, kauri daidai da na da ko fiye, launuka daban-daban, kowane layi ya bi ta fis, a kuma zana taswirar aikin a takarda a ajiye a cikin motar. A cire tsohon damin a shimfiɗa shi a ƙasa a kwaikwaye shi, kada a yanka shi gunduwa-gunduwa a zubar tun ranar farko.

Akwai tsaka-tsaki da aka cika mantawa da shi, kuma shi muka yi a ƙarshe: a sabunta manyan kebul na batir da na jikin inji, a gyara wayoyin da suka lalace kaɗai da dalma da robar da ke matsewa da zafi, a bar sauran yadda Kakuri ta yi su.

Kowace hanya mutum ya bi, abu biyu nake roƙo kada a bari a yi wa motar. Na farko, ɗaure fis da waya ko takardar sigari. Fis da ya ƙone yana gaya maka akwai abin da ke ƙasa, kuma idan ka hana shi ƙonewa wayar ce za ta ƙone a madadinsa. Na biyu, cire kan batir inji na aiki wai don a ga ko altaneta na caji. Wannan gwajin na iya kashe altanetar da ake son gwadawa. Mita ta wadatar: inji na aiki, ya kamata a ga tsakanin 13.8 da 14.4 a kan batir. Idan ya tsaya a 12 da ɗan abu, a duba bel tukuna, don yakan saki ko ya tsattsage a ajiya. A motocin da ke da jar fitilar caji a duba ƙwan ma, domin a yawancinsu ta cikinsa ne altaneta ke samun ɗan wutar da take fara aiki da ita.

Idan zan jera su ga wanda motarsa ke ƙarƙashin tamfol yanzu, bin layi ne farko da batirin aro, sabon batir ya biyo baya idan na ciki ya wuce shekara biyu a kwance, sabon wayarin kuma sai an ga narkewa ko fashewar roba da ido, ba don an ga kashin ɓera ba. Tamu ta nuna 14.1 a ranar ta biyu da yamma. Muka bar ta ta kwana, da asuba na auna batir ya nuna 12.6, na murɗa makulli ta tashi a bugu ɗaya. Birki da tayoyi suna jiran nasu aikin kafin ta hau titin Ahmadu Bello, don haka har yanzu a tsakar gida take. Duk Asabar nakan tashe ta ta yi minti ashirin har inji ya yi zafi, in na kashe in cire negetib in rataye sufanar a jikin ƙusar rumfar.